Littafin Dodanni da Dattijo Ya Kawo Mana



Kwana biyu bayan Kirsimeti, wani dattijon ikilisiyarmu ya same mu a ofis yana riƙe da baƙar leda. Ko zama bai yi ba ya ɗora ta a kan tebur ya ce, "Fasto, dubi abin da ɗanka ya shigo mini da shi gida." Da muka buɗe sai ga wani littafin Turanci mai kauri da hoton ƙaton dodo a bangonsa, tare da wasu 'yan abubuwa na roba masu kama da ɗan ludo. Ɗan ludon da muka sani fuska shida gare shi. Waɗannan kuwa wani huɗu, wani takwas, wani goma, wani goma sha biyu, wani har ashirin. Yaron nasa ɗan jami'a ne da ya zo hutu. Tun ranar da ya iso, da an gama cin tuwon dare sai ya ja ƙannensa uku zuwa ɗaki, su yi ta jefa waɗannan abubuwa har ƙarfe goma sha ɗaya, ana jiyo su suna maganar takobi da kogo da sihiri. Dattijon ya ce, "Abu ɗaya nake so ka faɗa mini. Tsafi ne ko caca? In ɗaya ne daga ciki, yau ɗin nan zan sa masa ashana."

Muka roƙe shi ya ajiye ashanar tukuna, ya ba mu mako guda. A cikin makon muka karanta littafin, muka bi tarihin wasan, daga baya muka je gidan muka zauna tare da yaran. Muna rubuta abin da muka samu a nan domin wannan tambaya za ta iso wasu gidajen, ko da wannan wasa ko da waninsa. Ra'ayinmu shi ne kada a ƙone littafin, kada kuma a bar yara su kaɗai da shi a bayan ƙofa. Uba ya ja kujera ya zauna a teburin. Mun san akwai dattawan da ba za su yarda da mu ba, muna kuma roƙonsu su ji dalilanmu har ƙarshe.

Sunan wasan Dungeons & Dragons, wato kurkukun ƙarƙashin ƙasa da manyan macizai masu fukafukai irin na almara. Kayan aikinsa tebur ne da takarda da fensir da waɗannan 'ya'yan ludo. Mutum ɗaya shi ne mai riƙe da labari. Sauran kowa yakan ɗauki matsayin mutum guda a cikin labarin, wani jarumi, wani mai warkar da masu rauni, wani ɓarawo mai wayo, wani mai sihiri. Mai labari zai ce, "Kun iso bakin kogi, gada ta karye, ga kuma mahara suna bin ku a baya. Me za ku yi?" Kowa ya faɗi dabararsa. Idan wani ya ce zai yi iyo ya ƙetare da igiya, sai ya jefa ɗan ludo mai fuska ashirin. Lamba ta yi sama, ya haye. Ta yi ƙasa, ruwa ya tafi da shi, sai 'yan'uwansa su nemi hanyar ceto shi. Ba a cin juna a wannan wasa kamar yadda ake yi a ludo ko dara. Tare ake yin nasara, tare ake faɗuwa, labari ɗaya kuma yakan ɗauki watanni ana ci gaba da shi daga inda aka tsaya.

Wasan ɗan Amurka ne, amma tushensa ya fi haka nisa. Tun shekarar 1824 hafsoshin daular Prussia ta Jamusawa suke koyon dabarun yaƙi a kan taswira, da alƙali a tsakani wanda yake yanke abin da ya faru bayan kowane motsi. Daga baya farar hula suka mai da abin nishaɗi, suna jera 'yan sojojin dalma a kan tebur. Wajen 1971 wani saurayi mai suna Dave Arneson a jihar Minnesota ya kawo sabon tunani, cewa maimakon mutum ya ja runduna, ya ɗauki mutum guda ya bi rayuwarsa daga wannan zama zuwa na gaba. A ƙarshen 1972 ya nuna wa Gary Gygax a wani ƙaramin gari mai suna Lake Geneva a jihar Wisconsin. Shi Gygax ya rasa aikinsa a kamfanin inshora tun 1970, yana gyaran takalma a gida don ya ciyar da iyalinsa. Da ya rubuta ƙa'idojin wasan, waɗanda ya fara gwadawa da su ɗansa ne da 'yarsa, dukansu yara ƙanana. A 1974 kamfanin TSR ya buga kwafi 1,000 na farko, 'yan littattafai uku a cikin kwali, a kan dala 10. Ke nan wasan da dattijonmu yake jin tsoro a teburin uba da 'ya'yansa aka haife shi.

Tsoron nan ma ba sabo ba ne, 'yan'uwanmu na Amurka sun riga mu shiga cikinsa. A watan Agusta na 1979 wani ɗalibi mai shekara 16 ya ɓace daga Jami'ar Jihar Michigan. Mai binciken da iyayensa suka ɗauka ya yi zaton wasan yana da hannu, jaridu suka ɗauki zancen suka baza. Bayan kamar wata guda aka sami yaron. Ashe damuwar ransa ce da matsin karatu suka kore shi, kuma shi mai binciken da kansa ya bayyana haka a littafin da ya fitar a 1984. Amma kafin nan labarin farko ya riga ya zauna a zukatan mutane, har an yi fim na talabijin a kansa a 1982. A wannan shekara ta 1982 ne wata uwa a jihar Virginia, Patricia Pulling, ta rasa ɗanta wanda ya ɗauki ransa da kansa. Cikin baƙin cikinta ta ɗora laifin a kan wasan, ta kai ƙarar shugaban makarantar da kamfanin TSR, kotu ta kori ƙararrakin. A 1983 ta kafa ƙungiyar yaƙi da wasan, ta riƙa zaga ikilisiyoyi da makarantu da ofisoshin 'yan sanda. A 1984 mai buga 'yan takardun bishara masu zane, Jack Chick, ya fitar da wata da take nuna wasan a matsayin ƙofar shiga ƙungiyar mayu. A 1985 shirin talabijin na 60 Minutes ya kai maganar gidajen miliyoyin mutane. Makarantu suka hana wasan, a wasu wurare aka ƙone littattafan. Matsin ya kai har kamfanin ya cire kalmomin aljanu da shaiɗanu daga bugu na biyu da ya fito a 1989.

Ba za mu yi wa waɗannan iyaye dariya ba. Uwar da ta binne ɗanta tana neman dalili, kowa a cikinmu zai nema. Amma dole mu faɗi inda maganar ta ƙare. Binciken masana lafiya bai sami wata alaƙa tsakanin wasan da kisan kai ba, ƙungiyar mayun da aka ce tana ɗiban yara ta wannan hanya ba a taɓa nuna ta ba. Abin da aka samu a zahiri shi ne yara da yawa masu kunya, masu son karatu, waɗanda aka tsayar a gaban jama'a aka kira su bayin Shaiɗan saboda suna jefa roba a kan tebur. Wasunsu sun girma da ɗacin wannan a zuciya, suna ganin ikilisiya wuri ne da ake yanke hukunci kafin a yi tambaya. Doka ta tara a Fitowa sura 20 ta hana shaidar zur, ba ta kuwa ware yara daga cikin maƙwabtan da aka hana mu yi musu ita ba. Mutum zai iya yin shaidar zur da kyakkyawar niyya, idan ya maimaita abin da ya ji daga bagade ko daga waya ba tare da ya bincika ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Waɗancan yara da suke 'yan shekara goma sha biyu a farkon shekarun 1980 sa'anninmu ne, yau sun haura hamsin, da furfura da 'ya'ya, wasu har da jikoki. Kamfanin TSR ya durƙushe, Wizards of the Coast ya saye shi a 1997, Hasbro kuma ya sayi Wizards a 1999. Gygax ya rasu a 2008, Arneson a 2009. Amma wasan bai mutu ba. Bugu na biyar ya fito a 2014 da ƙa'idoji masu sauƙi. A 2016 shirin Stranger Things ya fara da wasu yara huɗu suna wannan wasa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa a 1983, ya tuno wa manya ƙuruciyarsu. A lokacin kullen korona na 2020 iyaye da yawa suka sauko da tsofaffin littattafansu daga inda suka ajiye, suka zaunar da 'ya'yansu. Kamfanin ya ce fiye da mutum miliyan 50 sun taɓa yin wasan. A 2024 da ya cika shekara 50, hukumar gidan waya ta Amurka ta buga kan sarki don tunawa da shi. Uban da a da yake ɓoye littafin a ƙarƙashin katifa, yau shi ne mai riƙe da labari, 'yarsa ce jarumar.

Mu ba mu tashi da wannan wasa ba, amma kewar da take jan waɗannan iyaye mun san ta sarai. A ƙauyenmu, idan farin wata ya fito bayan girbi, mukan kewaye kakarmu a kan tabarma ta yi mana tatsuniya. Ba shiru muke yi ba. Muna amsa mata, muna rera amshin waƙar da ke cikin labarin, muna gardama a kan ko Gizo ya kyauta wa Ƙoƙi, muna roƙo kada Dodo ya haɗiye yarinyar. Wani lokaci takan tsaya ta nuna ɗayanmu ta ce, "Kai da kai ne, yaya za ka yi?" Da rana mukan tsuguna a bayan dattawa a gindin tsamiya muna kallon dara, ramuka talatin a ƙasa, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, har ranar da wani tsoho ya ce mu zo mu gwada. Mun ƙera motar kara, 'yan mata sun yi wa 'yar tsana aure, wani ya zama sarki wani ya zama dogari. Da muka shiga makarantar kwana sai ludo da kati a gaban fitilar ƙwai. Muna kuma tunawa da wani mai bishara da aka turo mana, mutumin kirki, wanda ya ce tatsuniya ƙarya ce kuma aikin arna ne. Kakarmu ta ji tsoro ta daina. Shi ya yi shekara uku aka mai da shi wani gari, ita kuwa ta rasu da sauran labaran a cikinta. Wani Bature, Frank Edgar, ya tara tatsuniyoyin Hausa ya buga su cikin littafi uku tsakanin 1911 da 1913, don haka labaran ba su ɓace duka ba. Amma abin da muke kewa ba ya cikin littafi. Muna kewar babban mutum da ya ajiye aikinsa ya dube mu, yana jiran ya ji abin da za mu ce.

Da wannan a zuciya muka je gidan dattijon ranar Alhamis da dare. An ɗauke wuta, aka kunna fitila mai caji aka sa a tsakiyar tebur. Yaran sun sha jinin jikinsu da suka gan mu, babban ya ce, "Baba Fasto, ko mu bari?" Muka ce su ci gaba kamar ba ma nan. Labarin da yake riƙe da shi na wani ƙauye ne da rijiyarsa ta ƙafe saboda wani dodo ya tare idon ruwan a cikin dutse. Ƙanensa mai shekara goma sha huɗu, jarumin tawagar, ya zare takobi tun kafin a gama bayani. Sai autar gidan, yarinya 'yar shekara tara, ta ce, "Yaya, tsaya. Ni ina so in tambaye shi me ya sa ya tare ruwan." Aka ba ta ɗan ludon ta jefa, lamba goma sha bakwai ta fito. Babban ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ƙaga amsa nan take, ya ce mutanen ƙauyen ne suka ƙone dajin da dodon yake zaune, shi ya sa ya gudo cikin dutse. Daga nan wasan ya koma gardama. Jarumi yana cewa mai hana mutane ruwa ba shi da uzuri, autar tana cewa a ba shi wurin zama tukuna. Ta tsakiyar, wadda mahaifinta ya ce mana ba ta magana a gida, ita ce ta kawo dabarar a kai maganar gaban sarkin ƙauye.

Sai babban ya ɗaga kai ya ce, "Baba, ba mu da sarki. Ko za ka zama?" Dattijon yana tsaye a bakin ƙofa da hannu a ƙirji. Ya dube mu, muka kau da kai. Can sai ya ja kujera yana cewa shi minti biyar kawai zai yi. Ya yi fiye da awa guda yana sauraron ƙara, yana yi wa dodo tambayoyi, ya yanke cewa ƙauye zai dasa itatuwa, dodo kuma ya saki ruwa. Da yake raka mu waje ya ce, "Fasto, ban san yarinyar nan tana da baki haka ba."

Yanzu bari mu dubi abin da masu ƙin wasan za su faɗa, gama suna da hujja. A cikin littafin akwai sihiri, akwai aljanu, akwai allolin ƙage. Wannan gaskiya ne, ba za mu ɓoye ba. Kuma halinmu ya bambanta da na Amurka. A wurin yawancin mutanensu mai sihiri mutumin littafi ne. A wurinmu boka yana da gida a ƙarshen unguwa, akwai kuma 'yan'uwa a cikinmu da suka fito daga gidan bori, suka ƙone layu da hannunsu ranar da suka tuba. Maimaitawar Shari'a sura 18 ta hana duba da sihiri, ba mu da ikon sassauta wannan. Amma sai a tambaya, me yaron yake yi a teburin? Mun karanta littafin, babu surkulle a ciki, babu hadaya, babu sunan da ake kira da nufin wani ruhu ya amsa. Yaro yakan ce mutumin da yake wakilta ya jefa wuta, ya mirgina roba, ya rage lamba a takarda. A kowace Kirsimeti mukan sa wa wani yaro rawani ya zama Hiridus, ya ba da umarnin kashe jarirai a gaban dukan ikilisiya, mu tafa masa, ba wanda ya taɓa cewa a yi masa addu'ar kuɓuta. Annabi Natan da ƙagaggen labarin 'yar tunkiya ya kama Dawuda a 2 Sama'ila sura 12. John Bunyan, wanda aka ɗaure a kurkukun Bedford a Ingila saboda wa'azi, ya cika littafinsa na 1678 da ƙattai da dodanni. J. R. R. Tolkien, wanda wasan ya ari abubuwa da yawa daga labaransa, mai bi ne da ya taimaki abokinsa C. S. Lewis ya komo ga bangaskiya a 1931. Har a 1984 wasu masu bi a Amurka suka fitar da nasu wasan irin wannan mai suna DragonRaid don koya wa matasa haddar Nassi.

Duk da haka, idan lamirin ɗan'uwa bai kwanta ba saboda inda ya fito, kada kowa ya tilasta masa ko ya raina shi. Romawa sura 14 ta koya mana yadda za mu zauna da juna a kan irin waɗannan abubuwa. Shi ma kada ya hau bagade ya kira 'ya'yan wani matsafa. Amfanin wannan wasa shi ne labarin yana hannun wanda yake riƙe da shi. Uban da ba ya son mai sihiri a teburinsa sai ya cire shi, wasan zai tafi lafiya da maharbi da maƙeri da ungozoma.

Game da caca, amsar gajeriya ce. Caca ita ce mutum ya sa kuɗinsa ko kayansa da begen ya kwashe na wani ta hanyar sa'a. A nan ba a sa ko kwabo, ba kuma wanda yake tashi da abin wani. Ɗan ludo kayan aiki ne kawai, kamar yadda wuƙa take a hannun mahauci da na ɗan fashi. In caca muke tsoro, tana cikin aljihun samarinmu. Cacar ƙwallon ƙafa ta waya ta ci kuɗin makaranta da jarin sana'a a gidajen da muka sani, ba ta kuwa da hoton dodo a bangonta da zai sa uba ya farga. Mun fi jin tsoron yaron da ya kulle kansa shi kaɗai da waya har asuba fiye da yara huɗu da ake jiyo dariyarsu daga tsakar gida.

Akwai haɗari na gaske da ya kamata a lura da su. Wasan yana cin lokaci, zama ɗaya yakan kai awa uku ko huɗu, zai kuma iya cinye karatu da aikin gida da addu'ar iyali idan ba a sa masa iyaka ba. Wasu labaran da ake sayarwa na manya ne, da zub da jini da abubuwan ban tsoro da ba su dace da ƙananan yara ba. Littattafan kuma da dala ake sayen su, bai kamata yaro ya taɓa kuɗin makaranta dominsu ba. Maganin dukan waɗannan ɗaya ne, babba ya san abin da ake yi domin yana wurin.

Saboda haka ga shawararmu ga iyaye, ko sun taɓa jin sunan wannan wasa ko ba su taɓa ba. A ware dare ɗaya a mako, a tara wayoyi duka a cikin kwano, har da ta Baba da ta Mama. Ba sai an sayi littafi daga Amurka ba. Ɗan ludo ɗaya ya isa. Uba ko uwa ko kaka ya fara labari daga abin da ya sani, fatake a kan hanya, ko fari a ƙauye, ko saniyar da ta ɓace. Kowane yaro ya zaɓi wanda zai zama, ya ba shi suna. In aka zo wurin da ba a san abin da zai faru ba, a jefa ɗan ludo, huɗu zuwa shida an yi nasara, ɗaya zuwa uku an sami matsala. Kada babba ya mai da zaman aji, kada ya yi saurin gyara dabarar yaro, ya bar shi ya ga sakamakon zaɓinsa a cikin labarin. Wanda ya yi ƙarya a labari bari ƙaryar ta biyo shi a mako na gaba. A tsaya a wurin da ya fi daɗi domin su ƙosa ranar ta zagayo. Wanda wannan bai yi masa ba, ya tono ramukan dara a tsakar gida ya koya wa jikokinsa, ko ya tuno tatsuniya ɗaya daga cikin na kakarsa. Ga dattawan ikilisiya kuma, idan aka kawo muku ƙarar wani sabon abu da yara suke yi, ku nemi a nuna muku shi kafin ku yi magana a kansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa sai ya matso kusa ya kama.

Ɗan jami'ar ya koma makaranta da littafinsa a cikin jaka, bai ƙone ba. Ya bar wa autar ɗan ludo mai fuska ashirin. Mahaifinsu ya gaya mana cewa yanzu ranar Asabar da dare ta tsakiyar ce take riƙe da labari, shi kuma har yanzu shi ne sarkin ƙauye, an kuma naɗa Mama sarauniyar kasuwa bayan ta yi mako biyu tana leƙe daga madafa. Shekarun da yaro zai so ubansa ya zauna wasa da shi kaɗan ne, wanda nasa suka girma suka bar gida ya san haka. Allah ya ba mu hikimar rarrabe abin tsoro da abin da baƙo ne kawai a idonmu, ya kuma albarkaci gidajenmu. Amin.